Wa Za Mu Ba Kuɗin Siminti Mu Yi Barci?



A taron zumuntar matasa na watan jiya mun tambaye ku aikin da kowa ke fatan samu nan da shekara biyar. Wasu suka ce aikin jinya, wasu soja, wasu kwastan, wasu suka ce kowane ofis ne dai in akwai albashi ƙarshen wata. Da muka ce, "To, wa ke son aikin gini?" sai ɗakin ya fashe da dariya. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a cikin masu dariyar akwai samari uku da muka sani sarai cewa ranar Asabar a wurin gini suka yini, kuma kuɗin da suka sa a baiko ranar Lahadi daga kwaɓa siminti ya fito. Suna cin abinci da aikin, amma suna jin kunyar ambatonsa.

Muna so mu faɗa muku ra'ayinmu a fili. A Jega da Aliero da Maiyama ba a rasa lebura ba, ba a rasa birkila ba, kuma masu kuɗin gini suna nan. Mutumin da ake nema ido rufe shi ne mai kula da aiki: wanda ya san gini, ya iya lissafi, kuma za a danƙa masa kuɗin buhun siminti ɗari a koma gida a yi barci. Wannan sana'a ce mai matakai, tana ciyar da iyali, kuma muna ganin lokaci ya yi da wasunku za su zaɓe ta da gangan, su daina ɗaukar wurin gini kamar tashar mota da ake jira kafin aikin gwamnati ya zo.

Darasin da bango ya koya mana

Bari mu fara da laifinmu. Shekarun baya mun gina ɗakin makarantar Lahadi na yara. Muka kafa kwamiti: fasto, dattawa biyu, ma'aji da shugabar zumuntar mata. Dukansu mutane ne masu tsoron Allah, kuma har yau muna iya tsayawa gaban ikkilisiya mu ce ko kwabo bai ɓata ba. Amma ba ko ɗaya a cikinmu da ya san gini. Muka sayi bulo inda ya fi araha, muna murna mun rage wa ikkilisiya kashe kuɗi. Birkila ya ce a zuba kankare a kan harsashi kafin a ɗora bango domin kada danshi ya hau, muka ce kuɗi ba su kai ba, a wuce. Aka zuba linta a tsakiyar zafin Afrilu, ba wanda ya tuna a riƙa ba ta ruwa. Damina ta biyu ba ta ƙare ba sai ga tsaga daga kusurwar taga har ƙasa, ta yadda yaro zai iya sa yatsa. Muka kwashe yara muka koma da su ƙarƙashin bishiya, muka sāke tara kuɗi, muka biya aiki ɗaya sau biyu.

Abin da muka koya shi ne, gaskiya ita kaɗai ba ta riƙe bango. Mun kuma ga akasin haka a gidajen wasu membobinmu: wanda ya san aikin ƙwarai, amma ya yi amfani da saninsa ya cuci mai gida, domin ya san inda filasta za ta rufe. Gini yana bukatar mutum ɗaya da ya haɗa biyun, sani da amana. Irin wannan mutum ba a tsintarsa a hanya. Renonsa ake yi, kuma ba mu ga abin da zai hana a rene shi a cikinku ba.

Mene ne aikin mai kula da gini?

Da yawa suna tsammani aikinsa shi ne tsayawa a inuwa yana daka wa leburori tsawa. Ku zo mu duba kaɗan daga abin da ke kansa.

Tun kafin a haƙa rami, shi ne zai zauna da mai gida ya mayar da burinsa lissafi. Misali, ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wato kusan mita 3.6, da tsayin mita 3. Kewayensa mita 14.4 ne, bangonsa kuwa ya kai murabba'in mita 43. A cire ƙofa da taga, a ce saura 40. Kowane murabba'in mita yana cin bulo kusan 10, ke nan bulo 400, sai a ƙara kaɗan saboda waɗanda za su fashe a hanya. Wanda ya iya wannan lissafi ba za a ce masa ɗaki ɗaya ya cinye bulo 700 ya yarda ba. Haka zai bi yashi, tsakuwa, rodi, katako, kwano da ƙusa, ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta. Ubangiji Yesu ya yi misali da wannan a Luka 14:28-30, inda ya nuna cewa mai niyyar gina hasumiya yakan fara zama ya lissafta kuɗin, don kada ya tsaya a harsashi ya zama abin ba'a. Duk wanda ya zaga bayan garin Jega ya ga kangayen da ciyawa ta cinye a matakin linta ya san misalin bai tsufa ba.

Bayan lissafi sai tsara aiki. Wa zai fara, wa zai biyo baya? Idan mai aikin wuta da mai aikin famfo ba su shigar da bututunsu kafin filasta ba, sai an fasa bangon da aka riga aka biya. Idan tifar yashi ba ta iso da safe ba, birkila huɗu da leburori shida za su zauna, kuma kuɗin yininsu yana kan mai gida. Idan an sayi siminti da yawa tun kafin a bukace shi aka jibge a ƙasa mai danshi, zai daskare a cikin buhu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan asara ce da ba a ganinta a jikin gini, amma aljihu yana jinta.

Sai kuma ingancin aikin kansa. Kankaren da aka saba amfani da shi a linta da ginshiƙan ƙananan gidaje ana haɗa shi kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Buhu mai kilo 50 yana cika kwanon sarki biyu, don haka buhu ɗaya yana tafiya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Da zarar mai kula ya juya baya, huɗu takan zama shida, domin yashi ya fi siminti araha, kuma a ido ba za a gane ba. Kankare kuma ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba: ruwan da ke cikinsa ne ke aiki da siminti a hankali. Shi ya sa ake shayar da shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. A ƙasarmu, inda zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, kankaren da aka bari ba ruwa yakan ƙone tun kwana biyu na farko. Yaron da za a sa ya riƙa zuba ruwa safe da yamma kuɗinsa kaɗan ne. Amma sai akwai wanda ya san dalilin, ya kuma dage a yi.

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuya

Yawancin aikin da ke jiranku a unguwanni irin su Firchin da Kokani gyara ne, domin masu iya sayen fili su tayar da sabon gida ba su kai masu tsohon gida da ke yoyo yawa ba. Gyara kuwa yana bukatar ido fiye da sabon gini, saboda ba ka san abin da wanda ya riga ka ya ɓoye a ciki ba.

Mai gida yakan zo da maganar fenti da tayil, domin su ne baƙo ke gani. Mai kula na ƙwarai zai fara hawa sama ya duba kwano da katako, ya ƙwanƙwasa ya ji ko gara ta cinye cikinsa. Zai duba ko an ɗaure rufin da jikin linta, saboda iskar farkon damina a wannan yanki ba ta tambayar tsadar kwano kafin ta yaye shi. Zai zaga bayan gida ya ga inda ruwan indararo ke zuba: idan yana kwanciya a gindin bango, duk filastar da za a yi banza ce. Rufi da hanyar ruwa su ne farko, sannan bango, sannan ado.

Akwai kura-kurai biyu da muke gani kullum. Na farko, a shafe bangon ƙasa da filastar siminti kai tsaye. Ƙasa da siminti ba sa kama juna da kyau, danshi yakan maƙale a tsakaninsu, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da filastar za ta faɗo gaba ɗaya. Na biyu ya fi haɗari: a rushe bangon tsakiya domin a faɗaɗa falo, ko a fasa bangon waje a fitar da shago, ba tare da an tambaya ko wannan bangon ne ke ɗauke da nauyin sama ba. Haka ma ɗora bene a kan harsashin da aka yi domin gida na ƙasa. A irin wannan wuri mai kula da ya san iyakarsa zai ce, "Alhaji, wannan ya wuce ni, sai mun kira injiniya." Faɗin haka ba ya rage masa daraja. Shi ne ma alamar ya san aikin.

Matakan da ake hawa

Ƙofa biyu ake shiga wannan sana'a, kuma shawararmu ita ce ku bi ta dukansu.

Ƙofa ta farko ita ce hannu. Lebura ya zama yaron birkila, ya zama birkila, ya zama foman mai riƙe da mutum goma, daga nan ya fara karɓar ƙananan ayyuka da sunansa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan siminti garuruwa suna da Sarkin Magina, wanda ke raba aiki, yana sasanta rigima, yana kuma amsa tambaya idan soro ya faɗi. Ganuwar Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, da duwatsunta har yau suna nan, ba ta tashi ba sai da wani ya tsara wa dubban hannuwa abin da kowa zai yi. Wanda ya bi ta hannu kuma yana iya ɗaukar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai aji uku, ya samu takardar da za ta yi masa shaida inda ba a san shi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce takarda. Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi tana koyar da fasahar gini, zanen gini da ƙiyasin kuɗin gini. Ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita aikin koyo shekara ɗaya, a dawo a yi babbar difloma shekara biyu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da sashen injiniya, ga ta nan kusa da mu. Wanda ya samu dama ya yi nisa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos suna ba da digiri a fannin gini. Ku da ke sakandare, ku riƙe lissafi da fizis da Turanci da kyau, domin su ne mabuɗin duk waɗannan ƙofofi.

Bayan karatu akwai rajista. Hukumar CORBON, wadda doka ta kafa a 1989, ita ke yi wa ƙwararrun magina rajista, kamar yadda COREN ke yi wa injiniyoyi. Najeriya kuma tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. A jiharmu, hukumar raya birane, wato KUDA, ita ke amincewa da zanen gini a birane. Mai kula da aiki ya kamata ya san waɗannan, ko da mai gida bai san su ba.

Me ya sa muka ce ku bi ƙofa biyun? Mai difloma da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, tsohon birkila zai yi masa wayo a gabansa yana kallo. Birkilan da bai iya karanta zane ko rubuta ƙiyasi ba kuma, zai tsufa yana yi wa wasu aiki, suna karɓar kuɗin da saninsa ya jawo. Don haka ɗalibi ya yi hutunsa a wurin gini, birkila kuma ya sayi littafin rubutu ya koyi lissafi ko da a ajin yamma ne.

Inda ake gwada mutum

Littafi Mai Tsarki yana da labarin gyaran gini, kuma ya kamata mu fastoci mu karanta shi da sunkuyar da kai. A 2 Sarakuna 12, sarki Yowash ya umarci firistoci su tara kuɗi su gyara Haikali. Har shekara ta 23 ta sarautarsa ba su gyara komai ba. Sai aka canza tsari. Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade. Idan kuɗi suka taru, magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare, sannan a miƙa wa masu lura da aikin, su kuma su biya kafintoci da magina da masu sassaƙar dutse, su sayi katako da duwatsu. Aya ta 15 ta nuna cewa ba a ma neman waɗannan mutane su kawo lissafi, saboda an tabbatar da amincinsu. Aikin da ya gagari firistoci shekaru, masu lura da gini ne suka kammala shi.

Kada ku ɗauki wannan aya hujjar ƙin ajiye rasit. Irin wannan yarda ba a fara aiki da ita, a ƙarshe ake samunta. Hanyarta kuwa ita ce littafin da kowane buhu da kowace tifa ke ciki, wanda za ka buɗe wa mai gida tun bai tambaya ba.

Gwaji na farko kuɗin mai gida ne. Mai shagon kayan gini zai ce maka, "Nawa zan rubuta a rasit?" Mai sayar da rodi zai nuna maka mai milimita 12 na gaske da wani siriri da ake kira da suna ɗaya, ya ce ba wanda zai auna. Yawancin masu gina gida a garuruwanmu ba sa nan: malami ne a Birnin Kebbi, soja ne a Maiduguri, ɗan kasuwa ne da ke bin motar albasa daga Aliero zuwa kudu. Hoto kawai suke gani a WhatsApp. Shawararmu ita ce ka faɗi ladanka a fili tun ranar farko, ka tsaya a kansa, a rubuta. Yawancin satar da ake yi a wurin gini tana farawa ne daga mai kula da ya ji kunyar faɗin kuɗin aikinsa, ya ce "ko nawa ne, ba komai," sannan ya je ya biya kansa a cikin siminti.

Gwaji na biyu hakkin lebura ne. Wanda ya yini yana ɗaukar kwanon sarki a ka, da kuɗin yinin nan za a sayi garin tuwon dare a gidansa. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci ladansa a ranar, kafin faɗuwar rana, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Foman da ya karɓi kuɗin mutum goma ya sa takwas su yi aikin, ko ya ce "ku dawo gobe" alhali kuɗin na aljihunsa, ya san wanda zai amsa wa. A wurin gini za ka shugabanci Musulmi da Kirista, Bahaushe da Badakkare da Bazabarme da Bayarabe. Wanda aka biya daidai, aka ba shi lokacin sallarsa, aka kai shi asibiti ranar da ƙusa ta huda masa ƙafa, ba ya bukatar a gaya masa wane irin mutum ne shugabansa.

Gwaji na uku ya fi sauran nauyi, shi ne iya cewa a'a. Mai gida zai ce a rage rodi, a cire katakon da ke tokare da dekin tun kankare bai yi ƙarfi ba domin biki ya matso, ko a ƙara bene ɗaya. Shi ke biyanka, kuma kana da iyali. Amma ku tuna ranar 1 ga Nuwamba 2021, da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas ana cikin gininsa, mutum fiye da 40 suka mutu, da yawansu ma'aikata ne. Bayan haka jaridu suka fito da wasiƙar da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta tun 2020 yana janye hannunsa daga aikin. A lokacin sun rasa kwangila. Ku tuna Uyo, 10 ga Disamba 2016, da rufin wata majami'a da ba a gama gininta ba ya faɗo wa masu sujada ana tsakiyar biki. Ku tuna Jos, 12 ga Yuli 2024, da ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji, mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga domin kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau gidansa. Tun a wancan zamani an san cewa mai gini yana riƙe da ran mutanen da bai taɓa gani ba.

Abin da za ku ce mana

Mun san akwai ƙorafi, kuma ba mu raina shi ba.

Za ku ce aikin ba shi da tabbas. Gaskiya ne. Akwai watan da aiki uku za su haɗu maka, akwai watan da waya ba za ta yi ƙara ba. A farkon 2024 farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, gine-gine suka tsaya cak, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanoni a watan Fabrairu. Wanda ya karɓi aiki a dunƙule kafin tashin farashi ya sha wuya. Maganin shi ne ka rubuta a yarjejeniya cewa ƙiyasinka na kwanaki kaza ne, ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ka kuma koyi ajiya a watan samu. Amma ku kwatanta da gaskiya: wanda ya shekara shida yana jiran takardar ɗaukar aiki, wane tabbas yake da shi?

Za ku ce manyan kwangiloli na masu uwa a gindin murhu ne, kuma da yawanmu iyayenmu daga Zuru ko Yawuri ko kudancin Kaduna suka zo, ba mu da kowa a sama. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda aka ba kwangilar, ko wane ne shi, dole ya nemi wanda zai tsaya masa a wurin aiki, kuma a nan ba ya tambayar sunan kakanka, domin kuɗinsa ne a ciki. Jega mahaɗar hanyoyi ce, ta Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri, kuma kasuwarta tana jawo shaguna da rumbuna. Ɗaliban Aliero suna bukatar ɗakunan haya. Duk shekarar da gulbi ya cika ya yi ɓarna, kamar 2020, akwai gidajen da sai an tayar da su. Ƙananan ayyukan nan su ne ke gina suna, kuma a garin da kowa ya san kowa, gida ɗaya da bai tsage ba yana kawo uku.

'Yan'uwa mata za su ce wannan maganar maza ce. Ƙiyasin kuɗi, zane, kula da sito da riƙe littafin lissafi ba sa bukatar ƙarfin ƙirji. Nehemiya 3:12 ya ambaci wani shugaba da ya gyara sashensa na garun Urushalima tare da 'ya'yansa mata. Idan kina da kan lissafi, kada dariyar kowa ta hana ki cika fom.

Wasu kuma za su ce, ranar Lahadi fa? Wanda ke ɗaukar kwano ba shi da bakin magana a kan ranar zuba kankare. Mai tsara aiki shi ke sa ranar. Wannan ma dalili ne na hawa sama.

Kalma ga iyaye da dattawa

Iyaye, ku daina gabatar da ɗanku mai difloma da alfahari, kuna ɓoye wanda ke gini kamar abin kunya. Mutanen Nazarat sun san Ubangijinmu da sana'ar hannu kafin su san shi da wa'azi, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna.

Mu shugabannin ikkilisiya kuma muna da gyara. Mun saba kiran ɗanmu magini mu ce "aikin Allah ne," mu sa shi ya bar aikin da ke ciyar da shi ya yi mana mako uku kyauta, sannan idan ya ce bulon da muka saya ba shi da kyau mu ce ya cika tsada. Idan ya ga dama ya ba da ranarsa baiko, wannan tsakaninsa da Allah ne. Amma mu biya shi, mu sa shi a kwamitin gini, mu kuma saurare shi ko da ya girmi jikokinmu da kaɗan. Da mun yi haka a ɗakin makarantar Lahadi, da yaranmu ba su yi damina a ƙarƙashin bishiya ba.

Ga abin da muke roƙo a wannan mako. Ku ukun nan da kuka yi dariya tare da sauran, da duk mai zuwa wurin gini, ku sayi ƙaramin littafi da tef na awo. Ku auna ɗakin da kuke kwana, ku lissafta bulonsa. A wurin aiki ku rubuta buhu nawa aka buɗe, kwano nawa aka zuba, mutum nawa suka yi aiki, ko da ba wanda ya sa ku. Ku tambayi tsohon birkila dalilin abin da yake yi. Ranar Lahadi bayan sujada ku kawo mana littafin, za mu haɗa ku da 'yan'uwanmu biyu da suka daɗe a wannan sana'a, sun kuma yarda su duba muku.

Ya Ubangiji, kai da kake ganin abin da filasta ta rufe, ka tayar mana da matasa masu sani da aminci, waɗanda mai gida zai yarda da su, lebura ya yi musu addu'a, yara kuma su kwana lafiya a ƙarƙashin rufin da suka kula da shi. A cikin sunan Yesu, amin.